Rudolf Höber: Likitan Da Ya Binciki Ƙwayar Jini Da Wutar Lantarki

Duk wanda likita ya taɓa tura shi gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini ya amfana da aikin Rudolf Höber, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

An haifi Höber a shekarar 1873 a garin Stettin, wanda a lokacin yana cikin Jamus, yanzu kuwa yana ƙasar Folan. Ya karanci likitanci, ya yi aiki a jami'ar Zurich ta Siwizalan, sannan ya koma jami'ar Kiel ta Jamus a 1909. Matarsa Josephine ita ma likita ce, kuma ta taya shi bincike.

A zamaninsa masana suna gardama a kan ƙwayar halitta, wato ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi. Wasu suna ganin tana da tantani siriri da ya lulluɓe ta, wasu suna musun haka, domin madubin likita na lokacin ba ya iya nuna shi. An dai san cewa wutar lantarki tana ratsa ruwan gishiri cikin sauƙi, amma da ƙyar take ratsa jajayen ƙwayoyin jini. Shin cikin ƙwayar ne ba ya ɗaukar wuta, ko wani abu ne yake tare ta a bakin ƙofa?

Tsakanin 1910 da 1913 Höber ya ari dabarar da masana kimiyyar lantarki suke auna kayan da ba sa ɗaukar wuta da ita. Ya tara jajayen ƙwayoyin jini, ya tura musu wuta mai kai da komowa a hankali, sai ta kasa shiga. Da ya ƙara saurin kai da komowar zuwa sau miliyoyi a sakan guda, sai wutar ta wuce ta cikinsu, tamkar ruwa mai ɗan gishiri. Ya maimaita gwajin da tsokar kwaɗo, ya sami irin wannan sakamako. Da ya zuba sinadarin da ke lalata bayan ƙwayar, wuta mai tafiya a hankali ma ta shige. Wannan ya nuna cewa cikin ƙwayar ruwa ne mai gishiri, tantani ne ya killace shi. A 1925 Hugo Fricke ya ɗora a kan aikin, ya ƙiyasta kaurin tantanin, ya ga bai kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari na milimita ba.

Höber ya zama babban farfesa a Kiel, har ya shugabanci jami'ar. Amma da 'yan Nazi suka karɓi mulki a 1933, sai aka raba shi da aikinsa saboda yana da jinin Yahudawa. Yana da shekara kusan 60 ya bar ƙasarsa, ya ɗan zauna a Landan, sannan a 1934 ya wuce jami'ar Pennsylvania a Amurka, inda ya ci gaba da bincike. Ya rasu a birnin Filadelfiya a 1953.

A shekarar da ya rasu Wallace Coulter ya sami rajistar na'urar ƙidayar ƙwayoyin jini. Na'urar tana tura jinin da aka tsarma da ruwan gishiri ta wata 'yar ƙaramar huda da wuta ke bi. Duk ƙwayar da ta gitta sai ta ɗan tare wutar, na'ura ta ƙirga ta, ta kuma auna girmanta. Da wannan ne likita yake gane ƙarancin jini, kuma girman ƙwayoyin yana taimaka masa ya gano dalili, misali ƙarancin sinadarin ayan.

Haka nan a wasu cibiyoyin wankin ƙoda ana liƙa wa majinyaci wayoyi a hannu da ƙafa, a tura wata 'yar wuta da ba ya jin ta. Mai tafiya a hankali tana bin ruwan da ke wajen ƙwayoyi, mai sauri tana bin na ciki da na waje, da haka ake ƙiyasta ruwan da ya taru wa majinyaci. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, ko mace mai ciki, su sanar da ma'aikaci kafin a yi musu wannan awo.