Robert Noyce: Injiniyan da ya tara transisto a kan ƙwayar silikon guda

An haifi Robert Noyce ranar 12 ga Disamba, 1927, a jihar Iowa ta Amurka, ya kuma sami digirin digirgir a jami'ar MIT a 1953. A wancan zamani, da wayoyi ake haɗa transisto ɗaya bayan ɗaya, aiki mai tsada da yawan kuskure. A 1959, yana kamfanin Fairchild, ya tsara yadda za a gina su tare a kan ƙwayar silikon guda.

A 1968 shi da Gordon Moore suka kafa Intel, kamfanin da a 1971 ya fitar da ƙwaƙwalwar kwamfuta samfurin 4004 mai transisto 2,300. Idan transisto ya ƙanƙance, sai ya ƙara sauri, ya rage cin wuta, farashinsa ya sauka. Shi ya sa duk kamfanin da ya manne wa tsohon tsari, takwarorinsa kan ƙwace masa kasuwa.

Da kamfanonin Japan suka mamaye cinikin ƙwayoyin adana bayanai, Noyce ya karɓi shugabancin haɗakar Sematech a 1988 domin farfaɗo da masana'antar Amurka. Yana kan wannan aiki bugun zuciya ya yi ajalinsa a birnin Austin, ranar 3 ga Yuni, 1990.