Boris Uvarov: Masanin da ya gano asirin farin ɗango

Manomin shinkafa a filayen Bakolori da ke kusa da Talata Mafara, ko mai gero a Bakura da Maradun, ya san fara iri biyu. Akwai wadda ke tsalle ita kaɗai a cikin ciyawa, yara na kamawa ana soyawa, akwai kuma farin ɗango da dattawa ke ba da labarin yadda sukan rufe rana su cinye gona kafin azahar. Mutumin da ya fara nuna cewa wata farar kan kasance duka biyun, wani ɗan ƙasar Rasha ne, Boris Petrovich Uvarov.

An haife shi a ƙarshen shekarun 1880 a garin Uralsk, wanda a yau yake cikin Kazakistan. Ya kammala jami'ar Saint Petersburg a 1910, ya kama aikin yaƙi da ƙwarin gona a Stavropol, daga baya ya koma Tbilisi. A Stavropol ne ya lura da abin da ya ɗaure masa kai. A wancan zamani masana sun raba fara mai ƙaura gida biyu, kowanne da sunansa: koriya mai gudun 'yan'uwanta, da mai tafiya rundunarunduna, wadda 'ya'yanta ke da launin baƙi da ruwan goro. Shi kuwa sai ya riƙa ganin jikokin wannan suna fitowa da kamannin waccan.

A 1920 ya yi ƙaura zuwa Landan, aka ɗauke shi aiki a ofishin nazarin ƙwari na daular Birtaniya. Shekara ɗaya bayan haka ya wallafa bayanin da ya yi masa suna. Jinsi ɗaya ne, cunkoso ne ke sauya shi. Idan ruwa ya wadata fari suka hayayyafa, sannan ciyawa ta soma bushewa, sai su takure a 'yan wuraren da suka rage da tsanwa. Gogar juna da suke yi a nan ita ke sauya musu hali da launi har da ƙirar jiki, su bar ƙyamar juna su koma tafiya tare. Ashe ba daga sama annobar ke faɗowa ba, tana da mahaifa, kuma ana iya neman ta.

Ba a daɗe ba ƙasarmu ta zama wurin gwajin wannan tunani. A 1928 fara mai ƙaura ta ɓarke a Afirka ta Yamma, ba ta lafa ba sai wajen 1941, bayan ta mamaye yawancin ƙasashen da ke kudu da Sahara. Arewacin Najeriya ya ɗanɗana kuɗarsa, a yammacin Nijar kuma tana cikin musabbabin yunwar 1931. Uvarov yana Landan yana karɓar rahotanni daga jami'an gona da na mulki, shi da abokiyar aikinsa Zena Waloff suna ɗora su a taswira wata bayan wata. Da aka bi sawun baya, kuma masu bincike suka je suka duba da idonsu, sai aka tarar tushen yana fadamun da kogin Neja ke malalewa a tsakiyar Mali ta yau.

Ba don tausayin talaka kaɗai aka kashe wannan kuɗi ba. Turawan mulki na tsoron rasa haraji da kayan da suke fitarwa. Duk da haka amfanin ya isa rumbun talaka. Aka kafa masu sintiri a fadamun Mali domin murƙushe farin kafin su yi fiffike, kuma a birnin Kano ne ƙasashen Afirka suka sa hannu kan yarjejeniyar ƙungiyar da ke wannan aiki, OICMA, a 1962. An rushe ta a 1986.

Uvarov ya shugabanci Cibiyar Binciken Yaƙi da Fara ta Landan daga 1945 zuwa 1959. A gefe guda bai daina aikin da ya fi so ba, wato tantance fari da babe da aka aiko masa daga sassan duniya, inda ya raɗa wa ɗaruruwan jinsunan da ba a taɓa rubutawa ba suna. Birtaniya ta ba shi lambar girma ta Sir a 1961.

Bai taɓa gamsuwa da dogaro ga feshin guba kaɗai ba, ya fi son a fahimci muhallin da ke haifar da cunkoson. Ya rasu a Landan ranar 18 ga Maris, 1970, bai ga maganin Green Muscle ba, wanda shirin LUBILOSA da aka fara a 1989 ya samar. Wata irin fumfuna ce da ake gaurayawa da mai a fesa, ta kashe fara cikin mako biyu zuwa uku ba tare da ta taɓa tsuntsu ko dabba ba. A jikin wata fara da aka tsinta a Jamhuriyar Nijar aka samo irinta.