Boyd Alexander, Baturen Tsuntsaye

An haifi Boyd Alexander a Ingila a cikin shekarar 1873. Soja ne, amma tun yana yaro ba abin da ya fi so kamar tsuntsaye.

A 1897 ya shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran Kef Bad, waɗanda ke cikin teku yamma da Sanagal. Ya bi su yana duban tsuntsaye, yana rubuta kamanninsu da wurin zamansu. Can ya sami wani yaro, José Lopes, wanda ya koyi gyaran fatar tsuntsu, ya zama na hannun damansa. A 1902 kuma suka tafi tsibirin Fanando Fo, wanda yanzu ake kira Biyoko. Nan suka sami tsuntsaye da yawa waɗanda masanan Turai ba su san da su ba.

To, a 1904 ya nufo ƙasarmu tare da ƙanensa Claud, da Kyaftin Gosling, da jiragen ƙarfe biyu. Suka bi Kwara, suka shiga Binuwai, suka hau Gongola da ke kudu da mu nan Potiskum. Daga nan 'yan dako suka ɗauki jiragen gunduwa-gunduwa zuwa Kogin Yobe, har aka kai Tafkin Cadi. Alexander ya yi watanni yana ratsa kyauro, yana auna ruwa, yana zana taswirar tsibiran Buduma.

Tafiyar ta yi tsada ƙwarai. Claud ya rasu a Maifoni, kusa da Maiduguri, a 1904, Gosling kuwa a ƙasar Kwango a 1906. Alexander da Lopes ne suka ƙarasa Kogin Nilu. A 1910 aka kashe Alexander kusa da Abeshe, aka kawo shi Maifoni, aka binne shi kusa da ƙanensa.

Gaskiya ne tafiyarsa ta zamanin cin ƙasa ce, kuma talakawa ne suka ɗauki nauyinta a ka. Amma akwai abin koyi: abin da ya gani, sai ya duba da kyau, ya rubuta. Masuntanmu da mafarauta sun san tsuntsayen nan tun kaka da kakanni, sai dai ba a rubuta saninsu ba. Mu da za mu shiga aji, mu fita da yara bakin fadama, su tambayi dattawa, su rubuta sunayen da harshensu kafin masu sanin su ƙare.