Tanimun ɗan Sulaiman, Sarkin da ya Cika Kasuwar Damagaram

Matafiyin da ya taso daga Maradi za shi Zinder, in ya wuce Tasawa, sai ya iso Takeita, babban garin ƙasar Garagumsa. A nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe gabas, ta bi ta Tirmini har Zinder, tafiyar kilomita 50 da ɗan wani abu. Ɗaya kuwa ta yi kudu, ta ratsa Kance da Matamaye, ta ƙetare iyaka zuwa Daura da Kano. Kwalta sabon abu ne, amma fataucin da ke bin waɗannan wurare ya girmi kakannin masu tuƙa motocin. Tun ƙarni na 19 jakuna da takarkarai da raƙuma suke ratsa wannan yanki da hatsi da gishiri da fata. Sarkin da ya ɗaure wa wannan fatauci gindi, har sunan Damagaram ya kai bakin teku a Tarabulus, shi ne Tanimun ɗan Sulaiman.

An haife shi wajen shekara ta 1811. Gidansu gidan sarauta ne mai asali daga Barno. Kakansu na farko, wanda tarihi ya riƙe da sunan Malam, ya zauna Damagaram ta Kaya cikin ƙarni na 18, kuma daga wannan ƙauye ne ƙasar duka ta sami suna. Mahaifin Tanimun, Sulaiman ɗan Tintuma, shi ya maido da fada Zinder. A zamanin nan Damagaram ƙaramar ƙasa ce, tana bin Barno, tana aika gaisuwa Kukawa wurin Shehu.

Sarauta ba ta zo wa Tanimun da sauƙi ba. Wansa Ibrahim ne ya gaji mahaifinsu a 1822. A 1841 Tanimun ya hau gadon, amma bai yi fiye da shekara biyu ba ta koma hannun Ibrahim. Haka ƴan'uwan nan suka yi ta ja-in-ja, Kukawa kuwa tana sa hannu cikin rigimar, domin ba ta son bawanta ya yi ƙarfin da zai ɗaga mata kai. Sai wajen 1851 Tanimun ya zauna daram, ya riƙe ƙasar har rasuwarsa a 1884, wato shekara talatin da ƴan kai.

Garin da ya tarar ba kufai ba ne. Baturen Ingila James Richardson ya sauka Zinder a farkon 1851, ya ga kasuwarta, ya kuma ga yadda ake fita harin bayi. Abokin tafiyarsa Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso a ƙarshen 1852, a nan ya karɓi kuɗin guzurin da aka aiko masa ta hamada, sa'an nan ya tashi zuwa Katsina a watan Janairu na 1853. Ke nan tun lokacin Zinder tana kan hanyar saƙo da kaya tsakanin arewa da ƙasar Hausa. Abin da ya rage mata shi ne tsaro. Attajiri ba ya ajiye dukiyarsa a garin da mahara za su iya shiga da dare ɗaya.

To, aikin farko da Tanimun ya sa gaba shi ne garu. Wajen 1856 aka tara jama'a daga ƙauyuka, aka kewaye Birni da ganuwar ƙasa mai kauri, tsawonta sama ya kusa mita 10 a wasu wurare, da ƙofofi bakwai. Ba da injin aka yi ta ba. Mutane ne suka haƙa ƙasa, suka ɗebo ruwa a gari mai ƙarancin ruwa, suka kwaɓa, suka ɗauka a ka. Sarki ya ba da umurni, talakawa da bayi suka ba da ƙarfinsu.

Bayan garu sai makamai. Sarki ya sayi bindigogi masu yawa daga fataken arewa, ya kafa rundunar ƴan bindiga, yawancinsu bayin fada. Abin da ya fi ba maƙwabta mamaki shi ne, maƙeran Zinder da kansu suka riƙa zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi a cikin gari. Wani likita Bajamushe, Gustav Nachtigal, wanda ya iso Kukawa a 1870, ya tarar labarin igwogin Tanimun ya riga shi zuwa fadar Shehu, ana maganarsu da damuwa. Da wannan ƙarfi Damagaram ta ɗora hannu kan ƙasashen Sosebaki, wato Mirriya da Waca da Dungas, ta yaƙi Muniyo a gabas, ta kai hare-hare kudu wajen Gumel da ƙasar Kano. Tanimun bai fito fili ya yanke biyayya ga Barno ba, amma biyayyar ta zama ta suna.

Mutane da yawa in an ambaci Tanimun, yaƙi kaɗai suke tunawa. Alhali yaƙin nan kasuwa ce ta biya shi, kasuwar kuma yana da kyau a san yadda take tafiya.

Kaya suna tasowa daga Tarabulus, su bi ta Gadamas da Gat, su ratsa duwatsun Abzin, su gangaro Damargu, su sauka Zinder, daga nan su ƙarasa Kano, wadda ke kudu da nisan kilomita 240 ko kusa da haka. Tafiya ce ta watanni. Masu dukiyar galibi Larabawan Tarabulus ne da mutanen Gadamas. Masu raƙuman kuwa Abzinawa ne, musamman Kel Ewe, waɗanda suka san rijiyoyi, suka kuma san da wa za a yi sulhu a kan hanya. Ayari yana kawo yadin Turai, da takarda, da alharini, da sukari, da duwatsun wuya, da allurai, da bindigogi. Yana komawa da hauren giwa, da gashin jimina, da jemammiyar fata, da bayi.

Masauƙin ayarin shi ne Zango, unguwar da ke wajen garu, arewa da Birni. A can fatoma yake sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in an yi gardama. Attajirin arewa ba ya yawon ƙauye da kansa. Yakan ba ɗan ƙasa kaya bashi, shi kuwa ya ɗora wa jaki ya shiga kasuwannin karkara, bayan watanni ya dawo da fata ko gashin jimina ya biya. Irin wannan ciniki amana ce ke riƙe da shi, amana kuwa tana bukatar alƙali da sarkin da zai tsaya a bi wa baƙo hakkinsa. Wannan shi ne abin da Tanimun ya gane. Ya jawo baƙin ƴan kasuwa da malamai kusa da fada, ya ba su wurin zama da girma, ya kiyaye zumunci da Abzinawa don kada hanya ta toshe. Fada ita ma tana da hannu cikin cinikin, tana kuma karɓar rabonta daga kayan da ke shiga da fita. Kuɗin yau da kullum wuri ne, manyan ciniki kuma ana yin su da riyalin azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tareza.

Sa'a ma ta taimake shi. Cikin shekarun 1870 matan Turai suka shiga yayin ado da gashin jimina a hulunansu, farashi ya tashi a London da Paris. Maharba suka bazama dajin Damargu, wasu magidanta har suka riƙa kiwon jimina a gida suna figar gashinta. Kuɗi ya shigo ƙasar yadda ba a taɓa gani ba. Yayin bai daɗe ba, domin manoman Afirka ta Kudu sun kafa manyan gidajen kiwon jimina, suka cika kasuwa, farashi ya faɗi cikin shekarun 1880. Sai fata ta karɓi wurin. Majema suna jeme fatar akuya da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, a ɗaure ta dami-dami zuwa Tarabulus, daga can jirgin ruwa ya kai wani kashi har Amurka.

Amma fa cinikin hamada, duk da sunansa, bai kai cinikin cikin gida nauyi ba. Kowace shekara bayan damina ayarin gishiri yana tafiya Fashi da Bilma, ya dawo da kantu da beza da dabino. Daga ƙasar Manga ana kawo mangul da kanwa. Da me ake biyan mutanen Kawar, waɗanda ƙasarsu ba ta noma? Da hatsi. Da me ake ciyar da masu raƙuma watannin da suke zaune kudu suna jiran lokacin komawa? Da hatsi. Ƴan bindigar fada, da maƙera, da malamai, da baƙin Zango, duk bakinsu yana cikin rumbun manomi. Manoman Damargu da na ƙauyukan da ke kewaye da Birni, har zuwa yamma wajen Tirmini da Garagumsa, su ne gindin wannan arziki. Masaƙa suna jiran audugarsu, marina suna jiran babansu, majema suna jiran fatar awakin da matansu ke kiwo a bayan ɗaki. Littattafan tarihi sun riƙe sunayen sarakuna da jarumai da ƴan attajirai kaɗan. Sunan maƙerin da ya fara zuba igwa, ko na matar da ta yi kaɗin zaren da aka saƙa rigar da ta kai Gat, ba wanda ya rubuta.

Akwai kuma waɗanda aka ci da guminsu ba da yardarsu ba, kuma ba daidai ba ne a ba da labarin Tanimun a tsallake su. Wani babban kashi na dukiyar Damagaram daga bauta ya fito. Yaƙe-yaƙen da suka faɗaɗa ƙasar su ne suka cika ta da kamammu. Wasu an zaunar da su a ƙauyukan bayi suna noma gandayen sarki da na manyan fada. Wasu an ba su bindiga. Wasu ƴan kaɗan sun hau manyan muƙamai, domin sarki ya fi amincewa da bawan da ba shi da dangi a kan ɗan'uwa mai neman gadon sarauta, darasin da rigimarsa da Ibrahim ta koya masa. Wasu kuwa an kora su arewa a ƙafa, da yawa ba su kai ba. Daular Turkawa ta hana cinikin bayi a Tarabulus a 1857, amma hanin bai tsai da shi nan take ba, sai dai ya koma a ɓoye. Ƙauyen da aka kai wa hari a ƙasar Gumel ko Kano, shi bai ga bunƙasa ba, toka ya gani.

Tanimun ya rasu a 1884 ya bar ƙasa mai faɗi, da taska, da hanya buɗe. Ƴaƴansa suka ci gaba. Sulaiman ɗan Aisa ya yi mulki har 1893, sa'an nan Amadu Kuran Daga ya hau. A wannan shekara ta 1893 Rabe ya ci Kukawa, hanyar Barno ta lalace, fatake da yawa suka karkato Zinder. A wannan zamani ne sunan Malam Yaro, babban attajirin Zango, ya cika gari, har yana da hulɗa da ƴan kasuwar Tarabulus kai tsaye. Shi da irinsa sun girbi abin da aka shuka zamanin Tanimun.

Girbin bai yi tsawo ba. A 1898 aka kashe hafsan Faransa Cazemajou a Zinder. A ƙarshen watan Yuli na 1899 sojojin Faransawa, waɗanda suka biyo ta yamma, suka gamu da rundunar Damagaram a Tirmini, maƙwabciyar Garagumsa. Igwogin gida ba su iya da bindigogin zamani ba. Birni ya faɗi, aka kashe Amadu Kuran Daga bayan ƴan makonni. Amma abin da ya karya ayarin Tarabulus ba harsashi ba ne, jirgin ƙasa ne. Da dogo ya iso Kano a 1911, kayan Turai suka riƙa zuwa ta teku da araha, raƙumi ya kasa gasa. A wannan shekara Faransawa suka mai da Zinder babban birnin yankinsu na Nijar, sa'an nan a 1926 suka ɗauke shi zuwa Yamai. Jikokin fataken da ke duban arewa sai suka juya fuska kudu, daga baya gujiya ta zama abin sayarwa a ƙasar Matamaye da Magarya, hanyar da ta rabu a Takeita ta ƙara daraja.

Ɗan Zinder, masanin tarihi André Salifou, ya wallafa littafi kan daular Damagaram a 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo mai sunan Tanimun, wanda aka buga a Paris a 1973. Daga garun kuwa, ruwan sama da masu ɗibar ƙasar gini ba su bar komai ba sai ƴan guntaye. Fadar sarki tana nan tsaye cikin Birni, zuriyar Tanimun ce ke zaune a ciki, kuma a 2006 gwamnatin Nijar ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Majeman Zinder har yau da bagaruwa suke jima. Dukawa suna sayen fatar su ɗinka jaka da takalma da fantimoti, a loda su a mota, su bi ta Tirmini da Takeita zuwa kasuwannin Maradi da Yamai.