Fada Paul Schulte, Firist Matuƙin Jirgin Sama

A shekarar 1925 ne jiragen sama suka fara sauka a Kano, jama'a suka yi ta mamaki. A wannan shekara kuma, can ƙasar Ovambo, a arewacin ƙasar da yau ake kira Namibiya, wani firist Bajamushe mai suna Fada Otto Fuhrmann ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro da ciwon huhu. Kwana 5 aka yi ana ɗauke da shi kafin a kai shi asibitin mishan na Furotestan mutanen Finland. Da aka isa, lokaci ya riga ya ƙure, ya rasu. Wannan mutuwa ce ta juya rayuwar abokinsa, Fada Paul Schulte.

An haifi Paul Schulte a birnin Magdeburg na ƙasar Jamus a shekarar 1895. Yana shirin zama firist sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka ɗauke shi soja. A cikin yaƙin ne ya koyi tuƙin jirgin sama. Bayan an gama ya koma karatunsa a ƙungiyar masu wa'azin bishara ta Oblate, wadda aka keɓe ga Maryamu Marar Aibi, aka naɗa shi firist a 1922.

Sa'ad da labarin rasuwar Fada Otto ya iso gare shi, ya gane cewa tafiyar da ta ci kwana 5 a ƙasa, jirgi zai yi ta cikin 'yan sa'o'i. Saboda haka a 1927 ya kafa ƙungiyar MIVA, wadda aikinta shi ne samar wa masu aikin bishara motoci, babura, jiragen ruwa da na sama. Ya yi ta yawo yana neman gudummawa, aka kuwa ba shi. Gwanintar da ya samu a fagen yaƙi, ita ce ya miƙa wa Ubangiji domin ceton rai.

A 1936, da izinin Paparoma, ya miƙa hadayar Misa a sararin sama cikin babban jirgin nan Hindenburg, abin da ba a taɓa yi ba kafin lokacin. Daga baya ya yi aiki a arewacin Kanada, ƙasar ƙanƙara, tsakanin mutanen Inuit. A 1938 labari ya zo cewa Fada Julien Cochard, Bafaranshe, yana kwance rai a hannun Allah da ciwon huhu a Arctic Bay. Fada Paul ya tashi da jirginsa cikin hazo da iska mai ƙarfi, tafiyar mil 2,200, ya ɗauko shi ya kai asibiti, ya kuwa warke. Abin da bai samu ya yi wa abokinsa ba, Allah ya ba shi ya yi wa wani.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da yake shi Bajamushe ne, aka mai da shi garin Belleville a Amurka. Bai zauna haka kawai ba: ya koya wa jama'a neman taimakon Uwargida Maryamu, wadda ya saba danƙa mata tafiye-tafiyensa a ƙasar ƙanƙara. Ya ƙare kwanakinsa a Namibiya, ya rasu a garin Swakopmund a 1974, aka binne shi kusa da abokinsa. Har yau ƙungiyoyin MIVA a ƙasashen Turai suna aika abin hawa zuwa Afirka da sauran wurare.

Mu a nan ba mu da jirgi, amma mun san wannan damuwa. Ƙauyukanmu na ƙasar Bichi da Ɗambatta kusa suke da juna, gona na bin gona, duk da haka idan damina ta yi nisa, rafi ya cika, hanya ta ɓaci, mace mai naƙuda takan kwana tana jiran mota. Tsoho yakan rasu ba a shafe shi da mai ba, domin ba a sami mai zuwa ya kira Fada ba.

Mu tuna da mutane huɗun nan a Markus sura 2, waɗanda suka ɗauko shanyayye, suka buɗe rufin ɗaki don su kai shi gaban Yesu. Ubangiji ya dubi bangaskiyarsu, ya warkar da shi. Mai babur a cikinmu, da mai keke, da mai amalanke, kowa yana da abin da zai miƙa. Kowace ikilisiya ta san tun da wuri wanda za a buga wa ƙofa da dare, ta kuma ajiye kuɗin mai a hannun katikist. Idan ɗan'uwa ya kwanta, ko maƙwabcinmu Musulmi, kada mu jira gari ya waye.

Ya Ubangiji, ka ba bawanka Fada Paul hutawa ta har abada, ka kuma kiyaye dukan matafiya. Amin.