Heinrich Rubens, masanin da ya bi sawun hasken da ido ba ya gani

An haifi Heinrich Rubens a ranar 30 ga watan Maris na shekarar 1865 a garin Wiesbaden na ƙasar Jamus. Ya soma da karatun aikin injiniyan lantarki, daga bisani ya koma fannin fiziks a hannun malaminsa August Kundt, ya kuma sami digirin digirgir a birnin Berlin a shekarar 1889.

Rubens ya ƙarar da rayuwarsa wajen binciken haske mai dogayen igiyoyi, wanda ido ba ya gani, da ke tsakanin hasken zafi da igiyoyin rediyo. A shekarar 1897 shi da Ba'amurke Ernest Nichols suka gano dabarar tace irin wannan haske. A 1911 kuma, tare da Otto von Baeyer, ya kai ga igiyoyin da ke kaɗawa kimanin sau tiriliyan ɗaya a daƙiƙa guda, yankin da a yau ake kira terahaz.

Awon da ya yi ya sauya alkiblar kimiyya. A ranar 7 ga watan Oktoban 1900 ya ziyarci Max Planck a gida, ya shaida masa sakamakon gwaje-gwajensa. A wannan maraice Planck ya tsara lissafin da ya zama tushen kimiyyar kwantum.

Wani ɓangare na aikinsa ya shafi ruwa. Tun a 1898, shi da Emil Aschkinass suka auna yadda tururin ruwa ke shanye hasken zafi. Hasken terahaz kuwa ruwa na shanye shi ƙwarai, kuma a kan haka ne masu bincike ke ƙera ƙananan na'urorin auna laimar iska. A cikin na'urar akwai wani ɗan gurbi da haske ke kai da komo a cikinsa bisa wani kaɗi sananne. Da zarar laima ta shiga, sai kaɗin ya sauya ko ya raunana, kamar yadda muryar ganga kan canza idan fatarta ta sha sanyin damina. Daga wannan sauyi ake gane yawan ruwan da ke cikin iska.

Sanin laima ba ƙaramin al'amari ba ne ga manoman masara na Mabai da sauran yankunan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a jihar Katsina. Hatsin da aka zuba a rumbu bai gama bushewa ba kan yi fumfuna, wadda a wasu lokuta ke haifar da guba mai illa ga hanta.

Rubens ya zama shugaban cibiyar fiziks ta Jami'ar Berlin a 1906, ya kuma sami lambar yabo ta Rumford daga Ingila a 1910. Ya mutu a Berlin a ranar 17 ga watan Yulin 1922 yana da shekaru 57, sakamakon ciwon sankarar jini.