Jan Czochralski: masanin da aka kira maci amana, ya ƙare rayuwarsa yana saida man takalmi

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu leƙa ƙasar Polan da ke nahiyar Turai, domin mu kawo muku labarin wani mutum da akasarinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa aikinsa yana cikin aljihunmu da lalitarmu. Duk wanda ya zaga babbar kasuwar Maraɗi, ko Kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, zai ga salula da rediyo da na'urar lissafi da farantan hasken rana jibge a rumfuna. Cikin kowane ɗayansu akwai falle na wani abu da ake kira silikon, kuma mafi yawan silikon ɗin nan ana samar da shi ne ta dabarar da wannan mutum ya gano a shekarar 1916. Sunansa Jan Czochralski, ana furta shi Yan Cokralski.

An haife shi ranar 23 ga watan Oktoba na 1885 a wani ƙaramin gari mai suna Kcynia. A wancan zamani babu ƙasar Polan a taswirar duniya, domin Jamus da Rasha da Ostiriya sun raba ta tsakaninsu, garin su Cokralski kuwa yana ɓangaren da Jamus ke mulki. Mahaifinsa kafinta ne, shi ne kuma na takwas cikin ƴaƴa goma. Tun yana yaro hankalinsa na wajen haɗe-haɗen magunguna da sinadarai, saboda haka da ya tasa sai ya kama aikin yaron shago a kantin magani. A 1904 ya tafi birnin Barlin neman abin kansa. Can ma daga kantin magani ya fara, inda ya koyi auna kaya da tantance mai kyau da gurɓatacce. A 1907 ya samu shiga babban kamfanin kayan lantarki na AEG, yana aiki a ɗakin gwajin ƙarafa, yana kuma zuwa ɗaukar darasi a babbar makarantar fasaha ta Charlottenburg. A 1910 ya auri Marguerite Haase, wata gwanar kiɗan piyano wadda danginta suka fito daga Holan.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fito da sunansa. Yadda labarin ya zo, wani dare a 1916 yana zaune yana rubuta sakamakon gwajinsa, ga kurtun tawada a gefe, ga kuma ɗan kasko na narkakkar kuza, irin ƙarfen nan da ake haƙa a duwatsun Ayar da kuma Jos. Hankalinsa ya yi nisa, sai ya tsoma alƙalaminsa cikin kuzar a maimakon tawada. Da ya janye shi, sai ya ga wani siririn zare na ƙarfe ya biyo bakin alƙalamin ya daskare. Da wani ne, da ya yi tsaki ya jefar da alƙalamin ya ɗauki sabo. Shi kuwa sai ya sake tsomawa, ya yi ta maimaitawa, wani sa'i da sauri, wani sa'i a hankali, har ya lura cewa in ya ja da gaggawa zaren tsinkewa yake, in ya bi sannu kuma sai ya yi tsawo. Da ya bincika zaren, sai ya tarar kiristal ne guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

Mene ne kiristal guda? Masu saida yadi za su fi kowa saurin ganewa. Ƙarfen da muka saba gani, na tukunya ko na kwano, in aka duba cikinsa da madubin ƙara girma, za a ga ƙananan ƙwayoyi ne birjik suka manne da juna, kowace ta fuskanci nata gefen, tamkar zanen da aka haɗa da ƙyallaye dabam-dabam, ɗinki ko'ina. Kiristal guda kuwa kamar turmi ne da aka saƙa daga bakin nan zuwa bakin can da tsari ɗaya, babu ɗinki babu mahaɗi. A wajen waɗannan mahaɗai ne wutar lantarki ke yin tuntuɓe, nan ne kuma datti ke taruwa. Shi ya sa na'ura mai aiki da ƴar mitsitsiyar wuta take bukatar abin da ba shi da mahaɗi.

Sai dai gaskiyar magana, shi kansa Cokralski bai yi wannan aiki da niyyar ƙera rediyo ko salula ba. Abin da ya dame shi shi ne auna saurin da ƙarfe ke daskarewa. Ya maye gurbin alƙalamin da ɗan siririn bututu, ya haɗa wata na'ura mai ja a hankali, ya gwada da kuza da dalma da tutiya, aka buga sakamakon a wata mujallar masana ta Jamus a 1918. Daga nan ya ci gaba da wasu ayyukan.

Arzikinsa ta wata ƙofa ya zo. A 1917 ya koma birnin Farankfot, inda ya kafa ɗakin binciken ƙarafa na wani babban kamfani, ya kuma shugabance shi. A lokacin Jamus na fama da ƙarancin kuza, wadda sai an sayo ta daga waje da tsada, ga shi kuma da ita ake yin shimfiɗar da sandar ƙafafun jirgin ƙasa ke juyawa a kanta. Cokralski ya haɗa wani sabon ƙarfe da dalma da ƴan wasu sinadarai, ba tare da kuza ko kaɗan ba, ya yi masa rajista a 1924, aka sa masa suna ƙarfen B. Hukumar jiragen ƙasa ta Jamus ta saye shi, wasu ƙasashe ma suka bi sahu, kuɗi suka yi ta shigo masa. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana ƙarafa ta Jamus a 1919, ya zama shugabanta a 1925. Har Henry Ford, mai kamfanin motoci na Amurka, ya gayyace shi ya yi masa tayin babban muƙami, amma bai karɓa ba.

A 1918 Polan ta samu ƴancin kanta, kuma a 1928 shugaban ƙasar, Ignacy Mościcki, wanda shi ma masanin sinadarai ne, ya nemi Cokralski ya dawo gida. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ya tattara iyalinsa ya koma Warso, aka ba shi digirin girmamawa a 1929, ya zama farfesa a Jami'ar Fasaha ta Warso, ya kafa cibiyar binciken ƙarafa. To amma mutumin da ya dawo daga waje da dukiya, ga shi ɗan kafinta da bai bi matakan jami'a yadda sauran suka bi ba, ba kowa ne zai yi murna da shi ba. Wani farfesa abokin aikinsa, Witold Broniewski, ya fito fili yana cewa zuciyar Cokralski tana Jamus, ƙarfensa kuma bai dace da jiragen Polan ba. Magana ta kai kotu, Cokralski ya yi nasara, amma tabon bai goge ba.

A watan Satumba na 1939 sojojin Hitila suka mamaye Polan, suka rufe jami'o'i. Cokralski, da yake ya san Jamusawa ya kuma iya harshensu, ya samu izininsu ya buɗe wurin gwajin kayayyaki a harabar jami'ar, yana karɓar aiki har daga rundunar sojan Jamus. Abin da idon jama'a ya gani ke nan. Abin da ba su gani ba shi ne, takardun aikin da yake ba ma'aikatansa sun kare mutane da dama daga kamu da kai su aikin tilas, cikinsu har da ƴan rundunar ɓoye ta ƴan kishin ƙasa, wadda ake kira Armia Krajowa. Ya yi amfani da sanayyarsa wajen fito da wasu daga kurkuku, yana kuma kai wa ƴan gwagwarmaya bayanai a asirce. Irin wannan aiki ba a yin shelarsa, domin ranar da ya fito fili, ranar ce ta ƙarshe ga mai yin sa.

Dab da ƙarewar yaƙi a 1945, sabuwar gwamnatin da Tarayyar Sobiyet ke mara wa baya ta kama shi a watan Afrilu bisa zargin haɗa kai da abokan gaba. A watan Agusta kotu ta musamman da ke birnin Łódź ta rufe binciken saboda babu hujja, aka sake shi. Amma a watan Disamba majalisar jami'arsa ta ƙi mayar da shi bakin aiki, aka daina ambaton sunansa. Bai kuma iya kare kansa da cewa ya yi wa rundunar ɓoye aiki ba, domin sabbin masu mulki farautar ƴan wannan runduna suke yi.

Yana da shekara 60 ya koma garinsu Kcynia, ya koma sana'ar da ya fara da ita. Ya kafa ɗan ƙaramin kamfani mai suna BION, yana haɗa man goge takalmi, da gishirin adana nama, da ruwan gyaran gashi na mata, da garin maganin mura mai hoton kurciya a jikin takardarsa. Farfesan da Ford ya nema, ga shi yana lissafin kwali da kwalba kamar kowane ɗan tireda. A 1953 jami'an tsaron ciki suka kai samame gidansa, zuciyarsa ta buga, aka kai shi asibiti a birnin Poznań, ya rasu ranar 22 ga Afrilu yana da shekara 67. An binne shi a Kcynia, kabarin ya daɗe babu ko sunansa, sai a 1998 aka rubuta.

Abin mamaki, a daidai shekarun da yake dama man takalmi, a Amurka dabararsa ta samu wani sabon aiki. A 1947 aka ƙirƙiro tiransisto a ɗakin binciken kamfanin Bell, wato ɗan abin nan da ya sa rediyo ta ƙanƙance har ta shiga aljihu. Amma tiransisto ba ta aiki sosai sai da kiristal mai tsabta. Masana biyu na kamfanin, Gordon Teal da John Little, suka ɗauki hanyar jan kiristal daga narkakken abu suka inganta ta, suka fara da jamaniyom wajen 1950, daga baya aka koma silikon.

Ga yadda ake yi a yau. Ana tace silikon daga farin dutse dangin rairayi, a narka shi a tukunya ta musamman da zafin da ya wuce digiri 1400. Sai a sauko da ɗan guntun kiristal, wanda ake kira iri, ya taɓa saman ruwan, a riƙa juya shi ana ɗaga shi sannu a hankali, kamar yadda mai kaɗi ke murza mazari tana jan zare daga auduga. Silikon ɗin yana bin irin yana daskarewa da tsari iri ɗaya da nasa, har a samu gungume mai faɗin santimita 30, tsawonsa ya kai kusan mita 2, nauyinsa ɗaruruwan kilo. Daga nan a yayyanka shi falle-falle kamar albasar Galmi, kowane falle bai kai kaurin milimita ɗaya ba. A kansu ake zana ƙwaƙwalwar salula da kwamfuta, da irinsu kuma ake shirya farantan hasken rana. Har yau a masana'antun duniya sunan wannan hanya dabarar Czochralski.

Wankin sunansa kuwa ya ɗauki lokaci. Iyalinsa da wasu masana sun yi ta neman jami'a ta sake duba maganar, ana ƙi. Sai a 2011 aka gano wata takarda ta 1944 a ma'ajiyar tarihi ta Warso, wadda ta nuna cewa yana kai rahoto ga sashen leƙen asirin rundunar ɓoye. Ranar 29 ga Yuni na 2011 majalisar jami'ar ta mayar masa da mutuncinsa, shekara 58 bayan rasuwarsa, majalisar dokokin Polan kuma ta keɓe shekarar 2013 domin tunawa da shi.

Mu ƴan kasuwa mun san zafin wannan labari, domin mun san cewa suna shi ne jari, kuma magana ɗaya a bakin rumfa tana iya rushe amanar shekara talatin. Kotu ta sallami Cokralski cikin wata huɗu, amma hukuncin bakin mutane ya bi shi har kabari. Kafin mu yanke wa maƙwabcin rumfarmu hukunci da abin da ido ya hango daga nesa, ya kamata mu tuna da shi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, a yi ciniki lafiya.